Shaihu Umar: Labarin Ɗa ne Ko na Uwa?

Duk ɗalibin Hausa ya san Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar 1933 ta haifar, wadda Rupert East ya shirya a Zariya. An mai da shi wasan kwaikwayo a 1975, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976. Galibi in an zo nazarinsa sai a ce jigonsa haƙuri ne da neman ilmi. Ni a ganina jigon da ya fi ƙarfi shi ne rabuwar iyali, kuma mai ɗauke da wannan jigo ita ce uwar Umar.

Mu duba zubin labarin. Fadawa suka yi wa Makau, mijin uwar, makirci, aka kore shi daga Kagara. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, a bayanta aka sace yaron. Daga nan hanya ta rabu biyu. Umar ya faɗa hannun Balarabe Abdulƙarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya kai shi Ber Kufa, ya yi karatu har ya zama shaihi. Ita kuwa uwar da ƙafarta ta fita nemansa, aka yaudare ta, aka sayar da ita a Murzuk, ta sha ɗauri da azaba. Da Allah ya haɗa su a Tarabulus ba ta daɗe ba ta cika.

Wasu manazarta kan ce marubucin ya yi wa bauta sassauci, tun da ita ce sanadin ɗaukakar Umar. Wannan zargi yana da ƙamshin gaskiya, amma fa sai in an bi sawun ɗan kaɗai. Wanda ya bi sawun uwar zai ga hukuncin da littafin ya yanke wa bauta. Mu tuna kuma an buga shi a 1934, alhali ba a soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai 1936, wato cikin masu karanta shi na farko akwai waɗanda abin ya taɓa gidajensu.

Inda littafin ya gaza shi ne wajen salo. Umar ne ke ba almajiransa labari a Rauta, don haka baƙin cikin uwar ta bakinsa muke jin sa, cikin natsuwa irin ta malami. Saduwar da aka yi shekaru ana jira kuwa, sai aka taƙaita ta ƙwarai. Alal misali, a kwatanta da Between Shades of Gray na Ruta Sepetys, na 2011, labarin iyalin Lituwaniya da 'yan sandan Sobiyat suka kwasa zuwa Sibiriya a 1941, aka raba su da maigida. Can ma uwar ta mutu, amma 'yarta na gefenta tana ganin wahalarta kullum, shi ya sa mutuwar ke sosa zuciya.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Mu mutanen Gurbin Ɓore da sauran ƙasar Zurmi, Shinkafi da Ƙauran Namoda, satar mutane ta dawo mana a zamaninmu. A 2019 dubban jama'a daga Zamfara, Katsina da Sakkwato suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi gudun 'yan bindiga, iyalai da yawa suka warwatsu. Ga uwayen Umar nan cikinmu suna cigiya.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai masu sha'awar rubutu, Tafawa Ɓalewa ya share mana fage. Wanda zai rubuta labarin waɗannan iyalai, don Allah ya bar uwar ta yi magana da bakinta. Allah ya sada kowa da nasa, amin.