Allon Zayyana: Tsokaci Kan Aikin Da da Na Yanzu

A rangadin da na yi a ƙasashen Ikara, Maƙarfi da Kudan, na duba allunan zayyana, wato allon da ake ƙawata wa almajiri domin ranar saukar Alƙur'ani. Na riƙe tsofaffi da sababbi a hannuna, kuma a ganina na yanzu sun fi ƙyalli, amma na da sun fi natsuwa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai na gan shi ne a wani zaure a Hunƙuyi. Mai zayyanar ya faro daga ɗigo guda a tsakiyar allo, ya kewaye shi da da'ira, ya raba ta biyu, sannan huɗu, sannan takwas. Duk wanda ya yi karatun allo zai gane wannan lissafi, domin haka ake kasa kowane izu cikin izu 60: nusufi, rubu'i, sumuni. Launi uku kacal ya yi amfani da su, baƙar tawada ta gawayi da ƙaro, da ja, da rawaya. Dattijon da ke adana allon ya shaida mini cewa mai zanen ba ya ɗaukar alƙalami sai da alwala, yana zane yana tilawa. Hannu ya ɗan karkace a kusurwa ɗaya, kuma ban ga aibin hakan ba.

Mabiya addinin Buda a Tibet suna da zane mai irin wannan siffa, wanda suke kira mandala. Sukan shafe kwanaki suna tsara shi da yashi mai launi, sannan su share shi. Aƙidarsu dabam, tamu dabam. Mu allon kullum muke wankewa, na zayyana kuwa ajiye shi ake yi.

Sababbin da ake saya a kasuwa ba fentin ne laifinsu ba. Laifin shi ne tsakiya ta ɓace. An cika allo da furanni barkatai ba tare da awo ba, har Fatiha da farkon Baƙara, waɗanda su ne ɗalibi zai karanta a gaban jama'a, aka takure su a gefe. Na ga guda uku iri ɗaya sak a garuruwa uku.

Ina roƙon malaman makaranta su tambayi iyayen yara ko akwai tsohon allo a gida, a ɗauki hotonsa, a rubuta sunan mai zayyanar. Na Hunƙuyi ma gara ta fara cin gindinsa.