Masu Miƙe Dogo a Kan Takarda

Jirgin ƙasa da ke gudun mil 125 a awa ɗaya, irin waɗanda ke zirga-zirga tsakanin Landan da arewacin Ingila, yana buƙatar kusan kilomita 2 kafin ya tsaya cak bayan direba ya kama birki. Idon direba ba ya kai wannan nisa, musamman a kwana ko cikin hazo. Don haka rayuwar fasinja tana rataye ne a kan inda aka kafa sigina, kuma wani ne ya zaɓi wurin tun kafin a haƙa rami, yana zaune gaban kwamfuta da sakamakon safiyo. Wannan mutumin ne nake jinjina wa.

Aikinsa yana farawa da awon ƙasa. A da masu safiyo kan taka dogo da ƙafa suna jan sarƙar awo, shi ya sa har gobe hanyoyin jirgin Birtaniya ake lissafa su da mil da sarƙa: sarƙa ɗaya yadi 22 ce, 80 kuma su ba da mil guda. Yanzu na'urar leza ake ɗora wa jirgi ko jirgi mara matuƙi, ta dawo da miliyoyin ɗigo, kowane da matsayinsa da tsayinsa. A cikinsu akwai ƙarfen dogo, da gada, da bangon tasha, da turakun lantarki, har da bishiyar da ta sunkuyo. Tarin nan dukiya ne, amma babu ma'aikacin da zai iya ɗaure waya ɗaya da shi.

Nan manhaja ke shigowa. Da farko takan tsamo tsakiyar kowane layi daga cikin ɗigon, ta gane inda dogo ya rabu biyu da inda ya sake haɗuwa. Sai ta yi abin da ya fi burge ni: ta miƙe hanyar. Kwana ta ɓace, layukan da ke manne da juna a fili su samu sarari tsakaninsu don a iya rubutu, kamar a kwance igiyar da ta kanannaɗe a shimfiɗa ta ƙasa ba tare da ƙulli ko ɗaya ya bar wurinsa ba. Zanen ya daina kama da taswira, amma nisan da ƙafar jirgi za ta bi daga wannan sigina zuwa waccan yana nan daram. Siffa ba ta dami injiniyan sigina ba. Abin da ya dame shi shi ne me ke gaban me, kuma da mita nawa.

Daga nan sai lissafi. Gangare yana ƙara wa jirgi nisan tsayawa, hawa yana rage shi. Jirgin kaya mai nauyi dabam, na fasinja dabam. Manhajar takan ɗauki gudun da aka yarje a wurin, da karkatar ƙasa da safiyo ya nuna, ta faɗi tazarar da ta wajaba tsakanin sigina mai gargaɗi da mai tsayarwa. Bayan jar sigina kuma ana barin ɗan fili babu kowa, don kada direban da ya zarce kaɗan ya tarar da wani jirgi. A al'adar Birtaniya yadi 200 ne. Idan injiniya ya matsar da sigina ɗaya, duk lissafin da ya dogara da ita yakan sake kansa nan take. A zamanin fensir, wannan gyara kaɗai na iya cinye kwanaki, kuma a irin wannan kwafe-kwafen ne kuskure ke laɓewa.

Amma lissafi ya yi daidai ba ya nufin direba zai ga fitilar. Ranar 5 ga Oktoba 1999, a Ladbroke Grove kusa da tashar Paddington, jirgi ya wuce sigina mai lamba SN109 tana ja, ya yi taho-mu-gama da wani, mutum 31 suka rasu. Bincike ya nuna an wuce wannan sigina tana ja sau 8 cikin shekaru 6 kafin ranar, kuma kayan lantarkin da ke saman dogo suna cikin abubuwan da ke tare ta. Yau ana iya ɗaukar ɗigon lezar a gina hanyar cikin kwamfuta, injiniya ya zauna daidai tsayin kujerar direba, ya bi layin ya ga a wace mita fitilar ke bayyana, da wane turke ke shiga tsakani. Manhaja za ta nuna masa. Hukuncin a ɗaga siginar, ko a dawo da ita baya, ko a rage gudu a wurin, nasa ne, kuma a nan ake gane gwani.

Jamusawa sun ƙara gaba da tsarin PlanPro na kamfanin Deutsche Bahn, inda ake ajiye kowace sigina da kowace mararraba a matsayin bayani da kwamfuta ke iya karantawa, zanen kuma ya fito daga bayanin. Amfaninsa a bayyane yake ga tsarin ETCS na Turai, wanda ke sanar da jirgi inda yake ta wasu ƙananan akwatuna da ake ɗaurewa tsakanin ƙarafa biyu: idan nisan da aka rubuta ya saɓa da na ƙasa, jirgin zai yi birki inda bai kamata ba.

Duk da haka zane ba ya fita ofis da sa hannun mutum ɗaya. Wani injiniyan dabam, wanda bai taɓa aikin ba, shi zai bi shi layi-layi. Haɗarin Clapham Junction na Disamba 1988, wanda ya ci mutum 35, tsohuwar waya ce ta haddasa shi, wadda aka bari ba a raba ta da wuta yadda ya kamata ba. Shi ya sa launi ke da nauyi a takardun Birtaniya: ja ga abin da za a saka, kore ga abin da za a cire. Ma'aikacin da zai shiga dogo da tsakar dare, bayan jirgin ƙarshe ya wuce, da wannan takarda zai yi aiki, kuma dole ya gama kafin na asuba ya taso.