Sunan Kare a Bakin Marubuci da Bakin Maƙwabci

Wanda ya karanta Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa littafin George Orwell a 1975, ya san bai bar sunayen dabbobin yadda ya same su ba. Orwell ya ɗauki sunan Napoleon, sarkin yaƙin Faransa, ya liƙa wa alade. Funtua ya kira aladen Maitumbi, abokin hamayyarsa Ɗantulu, ingarman dokin nan mai aikin wahala kuma Akawal. Kun ga waɗannan duk laƙabi ne. Malamin ya san mutanen da yake rubuta wa, ya san Bahaushe ba ya ɗaukar sunan mutum ya ba dabba, balle alade ko kare.

Karnukanmu na gida da na farauta suna da irin nasu sunayen. Wani daga kamanninsa ake samo shi: baƙin kare Duna, ga su Durwa da Dafale da yawancinmu muka taso muna ji a ƙauye. Wani kuma habaici ne tsagwaronsa. Mai kare zai sa masa Bar-su, ko Sai-haƙuri, ko Halin-mutum, ya tsaya ƙofar gida da safe yana kwaɗa masa kira. Karen dai ya zo yana kaɗa wutsiya, amma wanda ake yi da shi yana can bayan danga yana ji, kuma ba shi da bakin kai ƙara wurin mai unguwa, don ai ba a ambaci sunansa ba. Yarbawan da muke zaune cikinsu ma haka suke yi, sukan sa wa kare suna mai karin magana don maƙwabci ko kishiya. A wannan fannin mun fi kusa da su fiye da yadda muke zato.

To ina wannan dukiya take a labaranmu na yanzu? A yawancin littattafan soyayya da finafinan da ke shigo mana daga Kano, kare ba ya da aiki sai haushi a ƙofar gidan Alhaji. In an ga dama a ce masa Bingo ko Jaki, in ba a ga dama ba a bar shi "wani ƙaton kare". Wannan asara ce, wallahi. Marubucin da ke neman ya nuna mana gaba tsakanin gidaje biyu, sai ya cika shafi uku da cacar baki, alhali da ya sa maigidan ya fito ya kira karensa sau ɗaya, da mun gane komai. Tsofaffin da suka yi mana tatsuniya sun fi su sanin wannan. A tatsuniyar nan da Dodo ya kora mutum kan bishiya yana sararta, ba abin da ke cetonsa sai kiran karnukansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, cikin waƙa. Yara kan manta sunan mutumin, amma su riƙe na karnukan.

Barin kare babu suna ma yana da muhallinsa, in da dalili. A Suratul Kahfi an ambaci karen samarin kogo sau huɗu, ba a faɗi sunansa ba, kamar yadda ba a faɗi nasu ba. Ƙiɗmir da muke ji a bakin malamai daga littattafan tafsiri ya zo. A can darasin ake so a riƙe, shi ya sa aka ɓoye sunaye. Marubucin da ya bar karensa babu suna don kawai bai yi tunani ba, kada ya fake da wannan.

Abin da ya sa muka kawo maganar nan cikin mujallar unguwa shi ne, a nan Kudu sunan kare ya taɓa kai mutum gaban alƙali. A watan Agustan 2016, a Sango-Ota ta Jihar Ogun, 'yan sanda suka kama wani ɗan kasuwa da ya sa wa karensa Buhari, bayan wani maƙwabcinsa ya kai ƙara cewa sunan mahaifinsa ke nan. 'Yan sanda suka ce ya rubuta sunan a jikin karen ya zaga da shi inda Hausawa suke. Shi kuma ya ce ƙaunar Shugaba Muhammadu Buhari ce ta sa. Aka tuhume shi da abin da zai iya ta da zaune tsaye, a 2017 kotu ta kori ƙarar.

Jaridun Legas sun mai da abin na dariya, wai mutane sun rasa aikin yi sai faɗa a kan kare. Ba su fahimci abin da ya sosa ran mai ƙarar ba. Suna a wurinmu ana raɗa shi ranar bakwai, a yanka rago, liman ya yi addu'a. Buhari kuwa daga Imamul Buhari mai Sahihi aka samo shi, tun kafin a haifi kowane shugaban ƙasa. Kunnen da ya saba da Bar-su da Halin-mutum ba zai ji an kira kare da sunan ubansa ya ɗauka yabo ne ba, saƙo zai ji. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai mutanen da a wurinsu sa wa kare sunan gwarzo girmamawa ce, kamar yadda suke gani a finafinan Turawa. Mu a ganinmu shari'ar nan ba ta caji ofis ba ce. Ta Sarkin Hausawa ce da Baale, su zaunar da mutanen biyu kowa ya ji abin da sunan yake nufi a kunnen ɗan'uwansa, a sauya wa karen suna, a tashi.

Yaranmu da aka haifa a Agege da Sabon Ibadan da Shagamu, da yawansu ba su taɓa jin an kira kare Dafale ba, Bingo kaɗai suka sani. Masu shirya wasan kwaikwayon Islamiyyarmu na bayan Sallah, in labarin bana da kare a ciki, don Allah a tambayi tsofaffin mafarautan da ke gadi a unguwa, suna da sunaye fal a bakinsu.