Muryar Leontyne Price

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera dukkan maganarsa ko yawancinta da waƙa. Cikin baƙaƙen fata da suka yi fice a wannan sana'a, da wuya a sami kamar Leontyne Price.

An haife ta a 1927 a garin Laurel, jihar Mississippi ta Amurka, zamanin wariyar launin fata. Mahaifiyarta ungozoma ce, tana kuma cikin mawaƙan ikkilisiya. A can yarinyar ta fara waƙa. Ta yi karatu a makarantar Juilliard, ta rera a La Scala ta Milan a 1960. Da ta fito a Metropolitan Opera ta New York a 1961, sai da aka yi fiye da rabin sa'a ana tafa mata.

A ganina, aikinta mafi kyau shi ne Aida na Verdi, labarin gimbiyar Habasha da aka kai bauta Masar. Da Italiyanci ake rerawa, amma sa'ad da Aida take kukan ƙasarta a bakin kogin Nilu, Price takan ɗaga murya sama a hankali, ba ihu, har wanda bai ji harshen ba ya gane kewa ce.

Ba ta rasa aibi ba. Da shekaru suka ja, muryarta ta ƙasa ta ɗan dushe. Ta sani, ta yi ban kwana da opera a 1985, da Aida ɗin nan, tun ana marmarinta.

'Yan'uwa, mawaƙanmu su lura: ƙarfin murya dabam, iya riƙe ta dabam.