Jinjina ga Quannah, mai zane uku a haɓa

Masana'antar tallan kayan ado ta saba shafe fuskar mace da hoda har ta yi kama da ta kowa. Quannah Chasinghorse ta shiga da tata fuskar yadda take, da layuka uku a haɓa, zanen gadon matan Han Gwich'in na Alaska. Mahaifiyarta ce ta fara yi mata shi da allura, da hannu, tana 'yar shekara 14. 'Yan mishan sun daɗe suna hana wannan zane, shi ya sa ganinsa a bangon mujallar Vogue ta Mexico a 2021 ya faranta ran mutanenta.

Abin da ya fi burge ni shi ne fafutuka ta riga ado. An haife ta a 2002. A 2019, ita da wata ƙawarta suka tsaya gaban babban taron 'yan asalin Alaska, suka sa manya amincewa da ƙudurin ayyana dokar ta-ɓaci kan sauyin yanayi. Kamfanin Calvin Klein sai a 2020 ya ɗauke ta talla.

Rigimarta a kan gandun dajin Arctic ne, inda garken barewar karibu ke zuwa haihuwa, kuma da namansu Gwich'in ke rayuwa. Dokar Amurka ta 2017 ta buɗe gabar gandun ga masu haƙar mai. Duk ɗan jaridar da ya zo tambayarta kan tufafi, sai ta ja shi zuwa maganar barewa da narkewar ƙanƙara. Sannu da ƙoƙari, Quannah.