SHARHI A KAN FIM ƊIN "RAIN MAN": WA KE ƊAWAINIYA DA RAYMOND?

Fim ɗin Rain Man ya fito a Amurka cikin 1988. Barry Levinson ne ya ba da umarninsa, Dustin Hoffman ya fito a matsayin Raymond, shi kuwa Tom Cruise ya fito a matsayin ƙanensa Charlie. Ya ci kyaututtukan Oska har 4, kuma a cikinsa ne mutane da yawa suka fara jin sunan larurar nan da likitoci ke kira otizim. Wasu 'yan jaridarmu kan ce galahanga, amma da yake sukan kira wasu larurorin dabam da wannan suna, bari mu tsaya a otizim ɗin. Larura ce da ake tasowa da ita tun ƙuruciya. Tana shafar yadda mutum ke cuɗanya da jama'a, da yadda yake jin ƙara ko haske ko taɓawa, kuma mai ita yakan so al'amuransa su bi tsari ɗaya kullum. Girma ba ya raba mutum da ita.

Zubin labarin miƙaƙƙe ne. Mahaifinsu ya rasu ya bar dala miliyan 3 don kula da Raymond, wanda ke zaune a gidan masu larura na Walbrook a Sinsinati. Charlie, dillalin motoci mai idon kuɗi, bai ma san yana da wa ba sai a lokacin. Ya ɗauke shi don ya tilasta a ba shi rabin gado. Raymond ya ƙi shiga jirgin sama, tilas suka kama hanyar Los Anjalas a mota. Babban jigo dai zumunci ne, kuma wanda ya sake hali a ƙarshe Charlie ne. Wato Raymond madubi ne kawai da aka ɗaga wa ƙanensa don ya ga muninsa.

Duk da haka, a nawa ganin, fim ɗin ya yi rawar gani wajen nuna ƙananan abubuwan yau da kullum. Gadon Raymond sai a kusa da taga. Ƙarfe 11 na dare ya kwanta. Akwai shirin kotu na talabijin da ba ya yarda ya wuce shi, ko da za a ƙwanƙwasa ƙofar baƙi a bakin hanya. Kamfai kuwa sai na kantin K-Mart da ya saba. Ɗan kallo yakan yi dariya, amma in mai karatu ya lura, waɗannan su ne turakun da Raymond ke ɗaure yininsa da su. A tuge ɗaya, sauran su watse. Haka kuma fitowar nan ta wurin likita, inda ya ninka manyan lambobi da ka nan take, amma da aka tambaye shi kuɗin alewa ya ce kamar dala 100, kuɗin mota ma ya ce haka. Wannan gaskiya ce da ba kowa ke gane ta ba: mutum yakan gwanance a abu mai wuya, ya kasa wanda jama'a ke gani banza ne, kamar karɓar canji ko tsallaka titi.

To, amma ina aka karkata hankalinmu? Wajen tsinken sakace 246 da ya ƙidaya da kallo ɗaya, da karta a Las Begas. Barry Morrow, ɗaya daga cikin marubutan, ya ɗauko wannan baiwa ne daga Kim Peek, mutumin da binciken baya ya nuna larurarsa ba otizim ba ce. Masu irin wannan baiwa 'yan kaɗan ne ƙwarai, ga shi fim ya sa an ɗauka kowane mai otizim ɗan baiwa ne. Shi kuwa Vern, ma'aikacin Walbrook da ya san jadawalin Raymond ciki da bai, wanda Raymond ke kiran sunansa in ya firgita, mintoci kaɗan aka ba shi. Ai wanda ya yi shekaru yana wannan hidima ya fi teburin caca labari.

Inda na fi jayayya da fim ɗin shi ne fitowar ɗakin girki. Raymond ya tashi ɗumama abinci shi kaɗai, hayaƙi ya tashi, ƙararrawar gobara ta ɗauka, ya ruɗe yana buga kansa. Daga nan aka yanke cewa ba zai iya zama a waje ba. Amma wa ya taɓa koya masa amfani da na'urar? Wa ya gaya masa akwai ƙararrawa a gidan? Zaɓi biyu tak aka ajiye masa, ko Walbrook ko gidan Charlie, kamar babu wani zama a tsakani, alal misali gida da mai taimako ke zuwa safe da yamma. Ko a Amurkan, Kotun Ƙoli ta yanke a 1999, a shari'ar Olmstead, cewa killace naƙasasshe ba bisa dalili ba wariya ce. Da aka tambayi Raymond inda yake so, ya amsa da i ga duka biyun, sai aka ɗauka ba shi da ra'ayi. Ba wanda ya sake salon tambayar.

Fim ɗin Temple Grandin na 2010 ya fi shi a nan. Ya nuna yadda ta ƙera wa kanta akwatin matse jiki don kwantar da hankali, bayan ta ga irinsa na shanu a gonar innarta a Arizona, da yadda maigidanta a wurin aiki ya dire mata maganin warin jiki, ya sa aka kai ta sayen tufafi. Sai dai ita farfesa ce a Kolorado, ba kowa ne zai zama ita ba. Shi ya sa littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 ya kasa larurar mataki 3, gwargwadon taimakon da mutum ke bukata.

Wasan Hoffman ba shi da makusa, musamman yadda ya ƙi yarda ya "warkar" da Raymond don faranta wa 'yan kallo. A ƙarshe an sa shi a jirgin ƙasa tare da Dokta Bruner, Charlie ya yi alkawarin zuwa bayan mako biyu. Kyamara ta tsaya a tasha tare da Charlie, ba ta bi Raymond zuwa Walbrook ba.