Bashin Kamfani, a Wuyan Wa?

Jama'a, 'ya'yanmu na nan Pumpumre masu karatun lauya a jami'a sun kawo mana darasinsu na dokar kamfanoni ta OHADA, wadda aka sabunta a 2014. Mun duba. Wajabta rubuta yarjejeniya abin yabo ne. Amma a kamfanin SARL, in kasuwa ta karye, jarinsa kaɗai ɗan tarayya zai rasa, mai bin bashi ya rungumi ƙaddara. A shirkar mufawada ta Muhtasar kuwa, bashin yana wuyan abokan tarayyar duka. Darasin bai ko taɓo wannan ba. To, ɗalibai, ku ci jarrabawarku, amma bayan Magariba ku zo mu karanta babin shirka. Allah Ya raba mu da haƙƙin mutane.